Darasin Adabi: Antara Ɗan Zabiba da Gorin Launin Fata

Bismillahir Rahmanir Rahim.



Darasinmu na wannan fitowa a kan adabin Larabci yake. Za mu ɗauki mawaƙi guda, Antara ɗan Shaddad, mu bi labarinsa, sannan mu duba waɗansu da suka zo bayansa, don mu ga yadda waƙa da littafi suka ɗauki maganar launin fata: wa aka yi wa gori, me ya mayar, kuma ina amsarsa ta tsaya. Ku karanta a tsanake, akwai tambayoyi a ƙarshe.

Antara ba baƙo ba ne a zaurukan malamanmu. Yana cikin mawaƙa shida na Jahiliyya da ake karanta waƙoƙinsu a littafin nan da almajirai ke kira Shu'ara, wato Imru'ul Ƙaisi, da Nabiga, da Alƙama, da Zuhairu, da Ɗarafa, da shi Antara. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, a inda ya lissafa karatun da ya yi, ya ambaci cewa ya karanci mawaƙan nan shida a wurin wansa Shehu Usmanu. Kun ga ke nan fiye da shekara 200 ana jan baitocin mutumin nan a ƙasarmu. Sai dai sau da yawa akan tsaya a kan lugga da nahawu, a wuce labarin mai waƙar. Yau labarin muke so.

Wane ne Antara?

Ya rayu a ƙasar Najadu, a tsakiyar tsibirin Larabawa, a ƙarni na 6 na Miladiyya, ya kuma rasu yana tsoho dab da zuwan Musulunci. Ubansa Shaddad ɗan ƙabilar Banu Absi ne, mai faɗa a ji a cikinsu. Uwarsa kuwa baiwa ce daga Habasha, sunanta Zabiba. Antara ya ɗauko launin uwarsa.

To, a al'adar Larabawan wancan zamani, ɗan da mutum ya haifa da baiwarsa bawa ne, sai fa in uban ya ga dama ya amsa shi a gaban jama'a, ya ce nasa ne. Shaddad bai amsa ba. Saboda haka yaron ya tashi a gidan ubansa yana kiwon raƙuman ubansa, yana tatsar taguwoyi, alhali 'ya'yan matan aure suna koyon hawan doki da riƙon mashi. Ku tsaya ku yi tunanin wannan kaɗan. Jini ɗaya, gida ɗaya, wani a kan sirdi, wani a garke.

Abul Faraj al-Asfahani, mai littafin Al-Agani, wanda ya rayu a ƙarni na 10, ya kawo labarin ranar da abin ya sake. Mahara suka faɗa wa Banu Absi suka kore musu raƙuma. Aka bi sawu, yaƙi ya yi zafi. Shaddad ya waiwaya ya umarci Antara ya kai sura. Antara ya ƙi, ya tuna wa uban cewa ai shi bawa ne, kuma bawa tatsa aka koya masa, ba wanda ya koya masa kai sura. Da uban ya ga ba makawa sai ya yi masa alkawarin 'yanci in ya shiga. Ya shiga, aka fatattaki maharan, aka ƙwato dukiyar. A ranar ne Shaddad ya amsa shi ɗa.

Daga nan sunansa ya fita. Ya yi fice a yaƙin Dahis da Gabra, yaƙin da ya tashi tsakanin Absi da danginsu Zubyan a kan gardamar sukuwar wani ingarma da wata goɗiya, aka kuma ce ya ɗauki kusan shekara 40. Ya so 'yar baffansa, Abla 'yar Malik, amma baffan ya yi ta ja masa rai. Ga shi dai jarumin ƙabila, da shi ake taƙama ranar yaƙi, amma da an zo maganar aure sai a tuna ɗan wace ce.

Yanzu ku lura da abu na farko. 'Yan'uwansa ba su yi komai ba aka kira su 'ya'ya. Haihuwa kawai aka yi. Shi kuwa sai da ya sa ransa a bakin mashi kafin ubansa ya kira shi ɗa. Masu ba da labari sukan tsaya a nan su yi ta yabon jarumtarsa, kuma ta cancanci yabo. Amma ɗalibin adabi ya kamata ya yi wata tambaya: da Antara ba ƙaƙƙarfa ba ne fa? Da yaro ne mai sanyin jiki, mai tsoro kamar sauran mutane? Da ya mutu a garke, ba wanda ya san sunansa, kuma da ya mutu yana ɗan Shaddad ɗin dai, ko an amsa ko ba a amsa ba.

Hankakin Larabawa

Ba Antara kaɗai ba ne. Akwai laƙabin da Larabawa suka sa wa mawaƙan da iyayensu mata baƙaƙe ne, suna ce musu Agribatul Arab, wato hankakin Larabawa. Kada ku kawo hankakan ƙasarmu a ranku, mai farin ƙirji. Wanda suke nufi baƙi ne wuluk, kuma Larabawa suna camfa shi, suna ɗaukarsa tsuntsun rabuwa da mugun labari. Don haka laƙabin ba na yabo ba ne.

Mutum uku aka fi ambata: Antara, da Khufaf ɗan Nadba, da Sulaik ɗan Sulaka. Nadba da Sulaka sunayen iyayensu mata ne. A wurin mutanen da ke alfahari da jerin ubanni, kiran namiji da sunan uwarsa baiwa tunatarwa ce kullum. Khufaf ya riski Musulunci ya musulunta, ya kuma halarci buɗe Makka a shekarar 630. Sulaik kuwa ɗan hari ne da ya shahara da gudu a ƙafa. Yana da waƙa da ya faɗi abin da ya sa masa furfura, wato ganin mata irin uwarsa cikin wulaƙancin bauta, shi kuma ba shi da dukiyar da zai fanshe su. Ku riƙe wannan, don mutumin nan ya kira matan nan da sunan dangi, bai nesanta kansa da su ba.

Yadda gori ya haifi ƙasida

Ibn Ƙutaiba, wanda ya rasu a shekara ta 276 Hijira (889), ya faɗa a littafinsa na tarihin mawaƙa cewa da farko Antara ba ya wuce baiti biyu ko uku. Wata rana wani mutumin Absi ya zage shi, ya ambaci baƙinsa, da baƙin uwarsa, da na 'yan'uwansa, ya ƙara da cewa ko waƙa ba ya iyawa. Antara ya mayar masa da martani a kan yaƙi da kyauta, ya ce maganar waƙa kuwa zai gani. Bayan haka ne ya yi doguwar ƙasidarsa, wadda aka sa cikin Mu'allaƙat, zaɓaɓɓun waƙoƙin Jahiliyya. Tana da baiti sama da 70, a karin Kamil, amsa-amonta harafin mimun.

Abin mamaki, a cikin ƙasidar nan bai tsaya yana kare launinsa ba. Ya fara da kufan gidan su Abla, kamar yadda mawaƙan zamaninsa ke farawa. Ya siffanta taguwarsa da dokinsa. Ya faɗi halinsa: mai sauƙin kai ne in ba a zalunce shi ba, mai kyauta ne, yana shiga yaƙi amma yana kame hannu lokacin rabon ganima. Da ya zo lissafa dukiyar gidan su Abla sai ya ambaci taguwoyi 42 na tatsa, baƙaƙe kamar gashin hankaka. Kun ji? Baƙi da hankaka, kalmomin nan biyu da ake jifansa da su, ya ɗauko su ya ɗora a kan dukiya mafi tsada. Dokinsa ma da ya yi masa kirari baƙi ne.

Wannan amsa ce mai ƙarfi. An ce ba ya iya waƙa, ya yi wadda har yau ake haddacewa, alhali sunan mai gorin ya ɓace.

Inda amsar ta yi rauni

Akwai wata waƙar tasa da ta shahara, inda ya raba kansa biyu. Ya ce rabinsa daga mafi ɗaukakar gidan Absi yake, ɗaya rabin kuwa da takobi yake tsare shi. Jama'a na jin baitin su ce madalla da jarumi. To, amma ku duba da kyau. Rabin uba ba ya bukatar mai tsaro. Rabin uwa ne ke bukatar takobi. Wato ko shi Antara, da duk ƙarfinsa, ya karɓi ma'aunin da mutanensa suka kafa, cewa ɓangaren Zabiba gibi ne da sai an cike. Laifin me Zabiba ta yi? An kamo ta daga ƙasarta, ta haifi ɗa, ta raine shi. Shi ke nan.

Akwai kuma baitoci da dama da ake jingina masa masu cewa fatarsa baƙa ce amma halinsa fari ne. Masana da yawa suna ganin irin waɗannan daga baya aka ƙara su. Ko ma wa ya yi su, ma'anar ta yi yawo a bakin mawaƙa baƙaƙe da suka biyo baya.

Ga Suhaim, bawan Banul Hashas, wanda ya rayu a zamanin halifofin farko. Ya yi waƙa da wannan ma'ana ta baƙar fata da farin hali. Ya kuma yi wata mai ban tausayi, inda ya nuna cewa da launinsa ja ne da mata sun so shi, har ya ɗauki baƙinsa a matsayin tawaya da aka yi masa.

Ga Nusaib ɗan Rabah, mawaƙin zamanin Umayyawa, wanda gwamnan Masar Abdul Aziz ɗan Marwan ya saya ya 'yanta saboda fasaharsa. Ya kwatanta launinsa da riga, ya ce a ƙarƙashinta akwai wata riga fara. An ruwaito ya kai kuka wurin Halifa Umar ɗan Abdul Aziz a kan 'ya'yansa mata da suka ɗauko launinsa suka rasa miji: farare ba sa neman su, shi kuma ba ya yarda ya ba baƙaƙe. Har 'ya'yan Nusaib suka zama abin misali a wurin Larabawa, ga 'yan matan da suka daɗe a gida.

Ku sake karanta labarin nan na Nusaib. Mutane sun ƙi 'ya'yansa don launi, wannan zalunci ne daga waje. Shi kuma ya ƙi masu launi irin nasa, wannan kuwa daga cikin gida ya fito. Gorin ya daɗe yana shiga kunnensa har ya sauka a zuciya, ya zama shi ma da wannan ma'aunin yake awo. A nan ne gori ke yin ɓarnarsa mafi girma. Zagi a kasuwa yakan wuce da watsewar kasuwa. Amma ranar da wanda ake zagi ya yarda cewa akwai gaskiya a ciki, har ya fara neman uzuri ga halittarsa, to ranar mai gori ya gama aikinsa, ko ba ya nan abin zai ci gaba.

Wani zai ce, ai mu ma a Hausa muna cewa farin ciki da baƙin ciki, farin jini da baƙin jini, farar zuciya da baƙar aniya. Haka ne. Harsuna da yawa suna kwatanta alheri da haske, sharri da duhu, don ɗan Adam yana gani da rana, yana tsoro da dare. Bahaushe baƙi wuluk yakan ce yana cikin farin ciki, bai kuma zagi kansa ba. Matsalar tana farawa ne lokacin da aka jawo wannan kwatanci aka ɗora a kan fatar mutum. Duk wanda ya ce "baƙi ne amma yana da kirki", to kalmar "amma" ta tona abin da ke ransa.

Masu labari sun gyara wa Zabiba asali

Bayan rasuwar Antara da ƙarnuka, masu ba da labari a dandali suka gina doguwar hikaya a kansa, ana kiranta Siratu Antar. Da aka zo buga ta a ɗab'i sai da ta kai juzu'i 32. A cikinta ne ake jin baffansa ya yanka masa sadakin taguwoyi 1,000 na sarkin Hira, don ya je nema ya halaka. A cikinta ne yake yaƙi har ƙasar Farisa da ta Rum. Wannan hikaya ce, kada ku haɗa ta da tarihi.

Abin da ya shafe mu a ciki shi ne, can gaba a labarin sai aka gano wai ashe Zabiba jinin sarauta ce a ƙasarta. Me ya sa masu labarin suka ga sai sun ƙara wannan? Sun so Antara ƙwarai, amma zuciyarsu ba ta natsu ba a ce gwarzo irin wannan ɗan baiwa ne kawai. Sai suka nemo mata gidan sarauta. Da niyyar girmamawa suka yi, amma abin da suka faɗa ba su sani ba shi ne: baiwar da ba 'yar sarki ba ce ba za ta haifi jarumi ba. Ma'aunin nan dai na nan, ado kawai aka yi masa.

Mutanabbi da Kafur

Yanzu mu juya mu dubi ɓangaren mai gori. Mutanabbi (915 zuwa 965) yana cikin manyan mawaƙan Larabci na kowane zamani. A shekarar 957 ya tafi Masar wurin Abul Misk Kafur. Shi Kafur baƙar fata ne, bawa aka sayo shi, ya yi ta hawa da hazaƙarsa har ragamar mulkin Masar ta koma hannunsa fiye da shekara 20. Mutanabbi yana fatan a ba shi sarautar wani yanki. Ya yi ta zuba wa Kafur ƙasidun yabo, har ya kwatanta shi da baƙin ƙwayar ido, wanda ya fi farin da ke kewaye da shi daraja.

Sarautar ba ta samu ba. A shekara ta 350 Hijira (962), a jajibirin Babbar Salla, Mutanabbi ya sulale daga Masar, ya bar ƙasidar zambo da ya cika da gorin bauta da na launi da na siffar jiki.

Tsakanin yabon da zambon, fatar Kafur ba ta sake ba. Abin da ya sake shi ne fatan Mutanabbi. Lokacin da yake sa rai, baƙi ƙwayar ido ne. Da ya fid da rai, baƙi ya zama abin zagi. Wannan ya nuna muku cewa launi ba shi ne dalilin faɗan ba, sanda ce kawai da ke kusa, mai fushi ya ɗauka. Kuma fasahar mawaƙi ba hujja ba ce a kan gaskiyar maganarsa. Baiti yana iya tsaruwa, karinsa daidai, amsa-amonsa daidai, abin da ke ciki kuwa zalunci ne. Zaƙin baitin ma shi ke sa zaluncin ya daɗe, don mutane sukan haddace shi su yi ta maimaitawa.

Waɗanda suka taɓa ma'aunin kansa

Akwai marubutan da ba su tsaya a kan "baƙi ne amma" ba. Jahiz na Basra, wanda ya rasu a shekara ta 255 Hijira, ya rubuta wata risala mai suna Fakhrus Sudan alal Bidan, wato alfaharin baƙaƙe a kan farare. Ya sa baƙaƙe suna magana da bakinsu. Suka lissafa manyansu, irin su Luƙman mai hikima, da Bilal, da Sa'id ɗan Jubair. Suka lissafa abubuwa baƙaƙe da kowa ke daraja su, kamar almiski da ƙwayar ido. Sannan suka kawo hujja cewa launi daga yanayin ƙasa yake, ba azaba ba ce, ba tawaya ba ce. Suka buga misali da Banu Sulaim, Larabawa tsantsa da ke zaune a ƙasar baƙin dutse, waɗanda su da dabbobin dajinsu duk launinsu ya yi duhu.

Sai dai a faɗi gaskiya a kan abu biyu. Na ɗaya, risalar gasar alfahari ce, salon da marubutan zamanin ke so, inda kowane ɓangare ke cewa shi ya fi. Wanda ya ce baƙi ya fi fari ya juya ma'aunin ne, bai ajiye shi ba. Na biyu, shi Jahiz ɗin a waɗansu littattafansa ya maimaita maganganun raini a kan mutanen Zanj na gabashin Afirka. Don haka ko marubucin da ya kyauta a wuri guda, ku karanta shi da ido biyu.

Ibnul Jauzi na Bagadaza, wanda ya rasu a shekara ta 597 Hijira (1201), ya rubuta Tanwirul Gabash a kan falalar baƙaƙe da Habashawa. Ya faɗi dalilinsa a farkon littafin: ya ga waɗansu mutanen kirki daga Habashawa suna jin zafi a ransu saboda launinsu. Kun ga ciwon nan na Suhaim da Nusaib yana nan bayan shekara ɗaruruwa. A littafin ya yi watsi da tatsuniyar da ke cewa baƙar fata ta samo asali ne daga la'anar da Annabi Nuhu ya yi wa ɗansa Ham, ya nuna ba ta inganta ba. Ibn Khaldun (1332 zuwa 1406) shi ma ya ƙaryata ta, ya danganta launi ga zafin ƙasa da sanyinta.

Maganar ta zo har ƙofarmu. A shekarar 1615 Ahmad Baba na Tambutu ya amsa tambayoyin da aka aiko masa daga Tuwat, a cikin Sahara, game da bayin da ake kaiwa can daga ƙasashen baƙar fata. Ya nuna cewa launi ba ya halatta bautar da kowa, ya kuma ambaci mutanen Kano da Katsina da Barno cikin Musulmin da bai halatta a mallake su ba. Da ba a samu masu ɗaukar kowane baƙi a matsayin bawa ba, da ba a bukaci wannan amsa ba.

Ita kuwa al'adar da ta danne Antara, shari'ar Musulunci ta rushe ta: ɗan da mutum ya haifa da baiwarsa ɗa ne tun ranar haihuwa, yana cin gado kamar sauran 'yan'uwansa. Halifa Haruna Rashid da ɗansa Ma'amun duk iyayensu mata bayi ne tun asali. A Sahihul Bukhari akwai labarin Abu Zarri da ya yi wa wani mutum gori da uwarsa, Manzon Allah (SAW) ya tsawata masa, ya nuna masa cewa wannan saura ne na Jahiliyya. Ku buɗe Suratur Rum aya ta 22 da Suratul Hujurat aya ta 13, ku nemi malaminku ya fassara muku. Amma ku lura, Suhaim da Nusaib da Mutanabbi duk bayan saukar waɗannan ayoyi suka rayu. Hukunci yakan sauka a rana ɗaya, abin da ya zauna a harshen mutane kuwa sai an bi shi gida gida.

Zuwa ga iyaye da ɗalibai

Yau ba wanda ke kiwon raƙuma don uwarsa baƙa ce. Amma ku saurari abin da ake faɗa a tsakar gida. A haifi jaririya, a duba kunnenta a ce, "Kai, wannan baƙa za ta yi," da muryar jaje. A ga 'yan'uwa biyu, a ce wa ɗaya "fara kyakkyawa", ɗayar a ce "ita dai tana da hankali". A yi faɗa a makaranta, kalmar farko da za ta fito ita ce ta launi, ko ta asali, a ce wane jikan bayi ne. Yarinyar da ta tashi tana jin haka tun tana goye, ranar da ta girma ta sayi man bilicin tana ƙona fatarta, kada a ce daga sama ta ɗauko. A gida aka fara koya mata cewa akwai gibi a halittarta.

Iyaye, bakinku shi ne littafin farko da yaro ke karantawa. Idan za ku yabi ɗanku, ku yabe shi ba tare da "amma" ba. Kada ku sa shi a halin Antara, ya ga sai ya zo na ɗaya a aji, ko ya fi kowa ƙarfi, kafin a ƙirga shi daidai da 'yan'uwansa. Ƙoƙari abu ne mai kyau, ana kuma saka wa mai yin sa. Mutunci kuwa da shi aka haifi yaro.

Ku kuma ɗalibai, duk lokacin da kuka ɗauki waƙa ko labari, na Larabci ko na Hausa ko na Turanci, ku tambayi kanku: wa aka siffanta da kyau a nan, da wane launi? Wa aka sa ya zama mugu ko abin dariya? Wa ya kafa ma'aunin, kuma marubucin ya yarda da shi ko ya ƙi shi? Ku ji daɗin baitin Antara, ku koyi luggarsa, ku ɗauki jarumtarsa da kamun kansa. Amma in kun zo inda ya raba kansa biyu, ku tuna da Zabiba.

Tambayoyi

1. Me ya sa Antara ya tashi a matsayin bawa a gidan ubansa, kuma yaya aka yi ya sami 'yanci?
2. Mene ne ma'anar Agribatul Arab? Kawo sunayen mutum uku da aka yi wa wannan laƙabi.
3. Bisa ruwayar Ibn Ƙutaiba, mene ne dalilin da ya sa Antara ya yi Mu'allaƙarsa?
4. A labarin 'ya'yan Nusaib, bambanta zaluncin da ya zo daga waje da wanda ya fito daga cikin gida.
5. Me ya sake tsakanin yabon da Mutanabbi ya yi wa Kafur da zambon da ya yi masa?
6. Aikin gida: ku saurara har mako guda, ku rubuta kalmomin da kuka ji an faɗa a kan launin wani ko asalinsa, ba tare da ambaton sunan kowa ba. Ku kawo aji a tattauna.

Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya tsare harsunanmu daga cutar da bayinSa. Sai mun haɗu a darasi na gaba, in Allah Ya yarda.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.